Hoton da Na Ɗauka a Wajen Alwala

To jama'a, kun ishe ni. Tun da na sauka, duk wanda ya gan ni a bakin shagon Alhaji Sabo sai ya ce, "Rediyo, ya Dubai?" In na ce lafiya lau, a ce na dawo da girman kai. Sagir har cewa ya yi wai a jirgi aka zare min batir. Wata biyu ke nan ana abu ɗaya. To ga shi zan ba ku labarin sau ɗaya tak, amma da sharaɗi: wanda ya fara ya kai ƙarshe, don akwai aiken da zan yi muku a can ƙasa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu. A Fagge Rediyo ake ce min, don tun ina firamare ba a samu wanda ya iya kashe ni ba. Na yi sakandare har aji huɗu, daga nan ni da makarantar muka rabu lafiya, ba faɗa. Gyaran waya nake a shagon Alhaji Sabo. Shi ya ɗauke ni zuwa Dubai in duba masa sikirin da batura kafin a loda, saboda idonsa ya fara rauni, ni kuwa sikirin na jabu ko a aljihunka yake sai na ji warinsa.

Wannan dalilin Alhaji ke nan. Na gidanmu daban ne.

Yayana Auwalu shekararsa biyar a can bai taɓa leƙo gida ba. Yana kira, yana gaisuwa, amma da an yi zancen zuwa sai ya ce aiki. Ko lokacin da Baba ya faɗi, shekara uku ke nan, bai zo ba. Kun san Baba, shi ne ladanin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Hawan jini ya kayar da shi a bakin famfon alwala, ni na goya shi har titi muka samu adaidaita. Ya tashi, Alhamdulillahi, amma hannun hagu ya tafi, ƙafar ma sai ja, murya kuma ba ta ƙara hawa lasifika ba. Yanzu a benci yake zama kusa da famfon, yana kallon masu alwala yana gyara wa wanda ya bar gwiwar hannu a bushe.

Ranar da zan tafi Umma ta kira ni ɗaki. Kun san ba ta faɗar sunan ɗan fari. Ta ce, "In ka je ka ga wancan mutumin, ka duba min shi da kyau. Ka ce masa Babbar Sallah ta kusa, kuma mahaifinsa ba yaro yake komawa ba." Sai ta jibgo min kuka, daddawa, yaji da kilishi, kamar wanda za shi yaƙi.

Na ce, "Umma, in ya ƙi zuwa, a kwali zan lodo miki shi ta kago, jirgin kaya."

Ta ce, "Bakin nan naka dai ka bar shi a gida."

Da na ji maganarta.

Jirgi dai ba komai ba ne, motar haya ce da ba a tsayawa shan mai. Abin da ya ba ni tsoro bayin ciki ne. Na danna wani maɓalli, abin ya yi wata zuƙa, wallahi na ɗauka har da ni zai tafi. Na fito ina salati, Alhaji ya ce, "Kai, ba ka kai ko'ina ba ka fara kunyata ni." Muka sauka Adis Ababa muka yi zaman awa huɗu, sanyi ya kama ni a kaftani, na sayi shayi aka ba ni a wani ɗan kofi wanda ko maganin tari a gidanmu ya fi shi yawa.

Da safe muka sauka Dubai. A wajen buga fasfo akwai kyamarar da ke duba ido. Balaraben ya ce in buɗe ido. Na ce masa wallahi a buɗe suke, haka Allah ya yi ni. Ya sake cewa in buɗe. Na zaro su kamar na ga aljani, sai ya yi dariya ya ce, "Khalas, yalla." Na ce to an wuce wajen. Ashe saura kuka. Mai duba kaya ya ɗago ƙullin Umma, kore shar, gari lis, ya dube ni ya dube shi. Na ce, "Sup, sup!" wato miya, ina kwatanta cin tuwo da hannu. Ya kwance ƙullin daddawa don ya tabbatar, ya kai hanci. Jama'a, bawan Allah nan sai da ya ja da baya taku biyu. Bai sake tambayata komai ba. Da hannu ya nuna min ƙofa.

Alhaji ya sauka a otal ɗinsa na kullum a Al Rigga, ni kuma Yaya ya zo ya ɗauke ni. Na hango shi tun daga nesa, ya rame kaɗan, ya tara gemu. Na ce, "Yaya, ashe kana raye? A gida har mun fara raba takalmanka."

Ya rungume ni ya ce, "Rediyo, har yanzu ba a samo maka makashi ba?"

Ya tambayi Umma, ya tambayi kowa har akuyar maƙwabta. Baba ya bari a ƙarshe, kuma da zai tambaya ba ni yake kallo ba, titi yake kallo.

Unguwarsu International City ake ce mata. An rarraba ta da sunan ƙasashe, nan China, can Ingila, gaba kaɗan Faransa. A yini ɗaya na je Ingila na sayo burodi na dawo ta Faransa da silifa, ba wanda ya tambaye ni biza. Ɗakinsu kuwa mutum shida ne, gado bisa gado kamar 'yan makarantar kwana. Nan ba ɗaki ake kamawa ba, gado ake kamawa, daga katifarka zuwa labulenka shi ne gidanka. Aka ba ni na wani ɗan Damagaram da ya tafi ganin gida. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba mai shiga harkar wani. A Fagge in ka sayi sabon soso sai layi ya sani. A can mutum zai kwana a samanka shekara biyu ba ka san sunan garinsu ba.

Tun kwana na biyu na lura da abu ɗaya. Zafin garin nan, in ka fito daga esi kamar an buɗe maka murfin tukunya a fuska. Kowa na yawo da ƙaramar riga. Yaya kuwa kullum dogon hannu, an ɓalle maɓalli har wuyan hannu. Ko a ɗaki haka yake kwanciya. Alwala kuma a bayi yake yi ya kulle ƙofa, ya fito da ita ya riƙe har masallaci. Na ce, "Yaya, ko ƙazuwa ce? Faɗa min, akwai man da Umma ke haɗawa." Ya ce in ci abincina.

Yaya yana aiki ne a katafariyar kasuwar 'yan China da ke gefen unguwar, shi ke tsayawa tsakaninsu da 'yan kasuwarmu, don ya iya yarensu daidai gwargwado. A bayan kasuwar akwai wani ɗan shagon taliya inda yake cin abincin rana. Na tsaya a ƙofa na ce ni fa ba na cin abin da ban san mai yankansa ba. Sai wani dattijo ya fito da farar hula, ɗan gemu kamar an zana da biro, ya ce min, "Assalamu alaikum." Ɗan China fa! Da Larabci tas, har ya fi na malamin Islamiyyarmu. Yaya ya ce, "Wannan shi ne Malam Ma. Kakanninsa sun yi sallah kafin naka su san ana yi."

Taliyar da hannu yake ja a gabanka, ya murɗa ya buga a tebur, ƙulli ɗaya ya koma zare ɗari. Aka ba ni tsinke biyu wai in ci da su. Na yi ta fama, taliya na gudu ina bin ta. Da na gaji na wanke hannu na yi bismilla, na barbaɗa yajin Umma. Malam Ma ya ɗanɗana yajin, ya yi tari har hawaye, sannan ya ce in bar masa rabi.

A shagon nan na ga wata sana'a da ba a biya. Mutane na shigowa, Turawa, 'yan Filifin, har samarin Larabawa, kowa da waya a hannu yana nuna wa Malam Ma rubutun China. Wai tatu za su yi, irin zanen allurar nan da ba ya fita, suna so ya duba musu kafin a huda fata. Shi kuma ba ya amsawa da baki kawai. Sai ya goge hannu, ya ɗauko takarda da tawada da wani alƙalami mai gashi a baki, ya rubuta abin a hankali, ya rarraba maka shi gunduwa-gunduwa. Ashe rubutunsu ba kamar namu ba ne da ake jera baƙaƙe. Kowane ɗaya kamar ɗan hoto ne, wani ma hoto biyu ne aka haɗa. In ya gama bayani sai ya miƙa wa mutum takardar ya ce, "Ka rataye a bango. Bango ba ya nadama." Wasu su ji, da yawa su yi dariya su tafi.

Ni kuwa na samu abin wasa. Larabcinsa ya fi nawa, Turancina ya ɗara nasa da kaɗan, sauran hannu ke ƙarasawa. Ya zana min mutum jingine da bishiya ya ce wannan shi ne hutu. Na ce wannan ai Sagir ne, tun safe yana gindin dalbejiya. Ya zana wuƙa a saman zuciya ya ce wannan shi ne haƙuri. Na ce lallai wanda ya ƙirƙiro wannan ya taɓa bin layin mai. Sai na ce ya rubuta min gida, ni ma a dambara min a ƙirji in koma Kano in yi tashe. Ya zana rufin ɗaki, ya zana wata dabba a ƙasa. Na ce wace ce wannan? Ya rufe baki yana dariya, ya ce alade. Wai mutanen da can, in kana da shi a ƙarƙashin rufi to ka yi gida. Na ce a'uzubillahi, a bar min ƙirjina yadda yake.

Na juya in ga ko Yaya na dariya. Kujerarsa ba kowa, ya bar taliyarsa rabi. Malam Ma ya bi ƙofa da kallo, ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ci gaba da wanke alƙalaminsa. Ni ban kawo komai a raina ba. Rediyo ai magana yake, ba ya saurare.

Kwana na biyar muka kai kayan Alhaji ofishin kago a Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwan katako ke lodi. Tun safe muke ɗaure kwalaye muna rubuta suna. Aka kira Azahar, Yaya ya ce ba shi da alwala. Ya leƙa bayin ofishin, a kulle, mai makullin ya fita. Ya tsaya yana waige-waige. Na ce, "Yaya, ga famfo can a masallaci reras, ko sai an kawo maka na zinare?" Ba yadda zai yi. Ya je can ƙarshen layi, jikin bango, ya juya wa mutane baya, ya naɗe hannun riga.

Ni kuma na zagaya ta bayansa don in tsokane shi. Sai na gani.

A cikin hannunsa na dama, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, rubutun China ne guda ɗaya, girman kwalin ashana. Ya ɗan koɗe, ya yi shuɗi-shuɗi, fatar wajen ta yi ja kamar ƙuna.

Jama'a, ga inda nake so ku gane ni. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ce bari in tambaye shi ba. Abin da ya zo min kawai shi ne, yau majalisa za ta ci dariya. Kun san yadda muke a gurup ɗin nan. Wanda ya yi barci baki buɗe a ɗauke shi, wanda wandonsa ya yage a ɗauke shi, a yi ta yi har a samu sabon nama. Hannuna ya riga kaina. Na ɗauka, na tura, na rubuta a ƙasa: "Ku ga Yaya Auwalu. 'Yan China sun buga masa hatimi kamar kwalin kaya. Ma'anarsa: wannan namu ne, mun saya, kar a taɓa."

Ni na ƙirƙiri ma'anar nan a tsaye, ko minti ɗaya ban yi ba. Na sa waya a aljihu na yi alwala na bi jam'i, har ina murmushi a sahu.

Lokacin a Kano hantsi ne, kowa na zaune a shago ba ciniki. Kun fi ni sanin abin da ya faru, don ku kuka yi. Sagir ya tura wa 'yan ƙwallo. Wani ya tura gurup ɗin 'yan layi. Daga can ya faɗa na matan unguwa. Kafin ya zaga ya dawo, maganata ta canja kaya sau uku. Daga hatimi ta koma ya shiga ƙungiyar asiri. Daga nan ta koma ya bar sallah. Wani har ya rantse ya san mai irin wannan lambar, wai jininsu ake ɗiba. Ba wanda ya lura cewa a hoton nan alwala mutumin yake yi, ga ruwa na zuba a hannunsa.

Bayan La'asar muna cikin bas za mu koma, wayata ta yi ƙara. Umma ce. Ba sallama, ba komai. Ta ce, "Yana kusa da kai?" Na ce e. Ta ce, "Sa a lasifika. Ga mahaifinku."

Ashe da Azahar ɗin Kano, Baba na zaune a bencinsa, wani mai neman lada ya kawo masa waya har gaban ido, a gaban duk masu alwala.

Kun san yadda Baba ke magana yanzu, kalma ɗaya sai ya huta. Haka muka ji ta, a hankali, a cikin bas cike da Indiyawa. Ya ce, "Auwalu. Na gani. Shekara talatin ina kiran mutane sallah. Wanda ya sayar da fatarsa, ya zauna wajen waɗanda suka saya. Kar ka zo min gida."

Aka kashe.

Yaya bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya buɗe gurup, ya karanta abin da na rubuta, ya karanta duk dariyarku ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo min abata. Na jira mari, wallahi da ya mare ni da na ji daɗi. Sai kawai ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa, ya naɗe dama, ya naɗe hagu, har sama da gwiwa. Ya ce, "Rediyo, ka gama watsa labaran?"

Na ce, "Yaya, wasa ne fa."

Ya ce, "Na sani. Ai kai kullum wasa ne."



Washegari na tafi shagon taliya ni kaɗai, na nuna wa Malam Ma hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya juya allon ƙofa ya rufe shago, da rana tsaka, lokacin ciniki. Ya ɗauko takarda ya rubuta irin na hannun Yaya, babba. Ya rufe rabin ƙasa da tafinsa ya ce, "Wannan na sama, tsoho ne. Ka ga ya sunkuya." Ya rufe rabin sama. "Wannan na ƙasa, ɗa ne." Ya ɗauke hannu. "Ɗa ya goya tsoho. Mu muna ce masa shiyau. Ku me kuke cewa?" Sai ya faɗa da Larabci, birrul walidaini.

Biyayyar iyaye. Jama'a, biyayyar iyaye ne a hannun Yaya.

Malam Ma ya ba ni sauran labarin, rabi da baki rabi da hannu. Ranar da aka kira Yaya aka ce Baba ya faɗi, a shagon nan yake zaune. Bai daɗe da kama sabon aiki ba, ba halin tafiya. Aka ce masa ƙaninsa ne ya goya Baba zuwa titi. Ya kifa kai a tebur yana cewa shi ne babba, bayansa ya kamata. Ya roƙi Malam Ma ya rubuta masa yadda ake cewa ɗan da ya goya ubansa. Ya rubuta masa, ya ce ya rataye a bango, kamar yadda yake gaya wa kowa. Yaya ya ɗauki takardar, cikin wannan ruɗewar, ya kai wa wani mai allura da ke yi a ɓoye a wani filat. Washegari da ya naɗe hannu zai yi alwala, sai ya tuna waye ubansa, da inda ubansa ke zama.

"Ya yi kuskure," in ji Malam Ma. "Na gaya masa haramun ne, shi ma ya sani. Ya tuba. Shekara guda ke nan yana zuwa asibiti ana ƙona masa shi da na'urar hasken lesa, kaɗan-kaɗan. Yana dawowa nan hannu a kumbure, in ba shi ƙanƙara." Ya ɗaga yatsa biyu. "Saura zuwa biyu. Ya ce da Babbar Sallah zai je gida, ya naɗe hannu a gaban babansa."

Saura zuwa biyu. Shekara uku mutum na ɓoye abu a ɗakin mutum shida, ba wanda ya tona shi. Ni na zo na yi kwana biyar.

Na ce wa Malam Ma, "Me ya sa ba ka gaya min ba ran nan?"

Ya ce, "Ba sirrina ba ne." Ya naɗe takardar ya ba ni. "Kai ma ba naka ba ne."

Sauran kwana ukun ba abin da zan ba ku labari. Na ga dogon benen nan da kuke tambaya, daga tagar jirgin ƙasa, dogo ne, shi ke nan. Na rubuta a gurup cewa ƙarya na yi, na faɗi ma'anar gaskiya. Mutum biyu suka karanta suka sa alamar dariya. Ba wanda ya tura wa kowa. Na roƙi Yaya ya ƙarasa zuwa biyun nan, ya ce, "A goge don wa? Ai an riga an gani." Ya koma sa ƙaramar riga kamar kowa.

Ranar tafiya ya raka ni har filin jirgi, don Yaya ko yana fushi ba ya barin hakki. Ya miƙo min wani dogon abu a leda. Sanda ce irin mai ƙafa huɗu a ƙasa, ta masu shanyewar jiki. Ledar duk ta yi ƙura, da gani ta daɗe a ƙarƙashin gado. Ya ce, "Da ni zan kai masa. Kar ka ce daga ni take, sai ya ƙi karɓa." Na ce ya yafe min. Ya ce, "Jirginku zai tashi."

Da na iso, Umma ta dube ni ta dubi bayana, kamar mai tsammanin wani zai shigo. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Na ce ka duba min shi. Ban ce ka nuna wa duniya ba."

Sandar kuwa ban iya yin ƙarya a kanta ba, na gaji da ƙirƙira. Na ce wa Baba daga Yaya take. Ya ce a ajiye bayan ƙofa. Ta yi sati uku a nan. Babbar Sallah ta zo ta wuce, aka yanka rago, ba wanda ya ambaci sunan kowa.

Bayan Sallah na samu Baba shi kaɗai a zaure da hantsi. Na durƙusa na shimfiɗa takardar Malam Ma a gabansa. Na ce, "Baba, ni na yi ƙarya, ba wanda ya sayi kowa. Ga abin da ke hannunsa." Na yi yadda dattijon ya yi, na rufe ƙasa na nuna sama, na rufe sama na nuna ƙasa. Na faɗi ranar da aka yi, da dalili, da ƙunar lesa, da zuwa biyun da suka rage. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, karo na farko a rayuwata.

Baba mutum ne da ya yi rubutun allo, ya san hannun da ya iya riƙe alƙalami. Ya sa yatsa yana bin tawadar. Ya tsaya a sama ya ce, "Wannan ne ni?"

Na ce, "E, Baba."

Ya gangaro ƙasa. "Ai kai ka goya ni."

Na ce, "Shi ya so ya goya ka. Ni kusa kawai nake."

Ya ce, "Haramun ne dai."

Na ce, "Ya sani, Baba."

Ya ture takardar gefe ya ce in tafi shago. Amma ran Juma'ar da ta biyo, na ji wani sabon sauti a soro, ƙwas, ƙwas. Baba ne da sandar. Muka je bakin famfo, na naɗe masa hannun riga kamar kullum, ina zuba masa ruwa a hannun da ba ya motsi. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kunna abin naka mai ɗaukar murya."

Na kunna. Ya ce, "Auwalu. Sandar ta yi daidai. Ka zo da hannun yadda yake."

Daƙiƙa goma sha ɗaya ce. Na tura wa Yaya nan take.

Yau kwana goma sha tara, Yaya bai buɗe ba. Duk abin da ya fito daga lambata ba ya taɓawa, kuma ban ga laifinsa ba. Na kira da wayar Umma, na kira da ta Alhaji, da ya ga lambar Najeriya ba ya ɗauka. Baba kuma kullum in na dawo daga shago sai ya dubi aljihuna, ba ya tambaya, kallo kawai.

To ga aiken. Na sa muryar Baba a gurup ɗin nan namu, tana nan a ƙasan wannan rubutun. Sagir, kai ka fara tura hoton gaba, kai za ka fara tura wannan. 'Yan ƙwallo, 'yan layi, matan unguwa, mai neman ladan da ya kai wa Baba waya har benci, duk ina jiranku. Wani yana da ɗan'uwa a kago, wani yana da aboki a Al Rigga, wani ya san mai cin taliya a bayan kasuwar 'yan China. A cikin awa uku kuka kai ƙaryata daga Dubai har bakin famfon masallacinmu. Ga gaskiya nan, daƙiƙa goma sha ɗaya ce kacal. Ku mayar min da ita ta hanyar da kuka kawo waccan.